Ranar da Wayar Huraira Ta Yi Hausa

Shafi na 11

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da tsine wa Malam Andrawus, na ji, na gode. Amma ku ɗan sassauta masa, bawan Allah shi ma bai gama da kansa ba tukuna. Bismillah, ku matso.

Kwana uku ke nan Malam Andrawus bai sa wa cikinsa abin kirki ba. Ɗumamen da matarsa Comfort ta ajiye masa tun safe ya huce a kwano, ko murfin bai ɗaga ba. Yana zaune kan benci a ƙofar ɗaki, sandarsa jingine da bango, wayarsa kife a cinya.

Shirun wayar nan ya fi damun Comfort a kan ƙin cin abincin. Shekara tara da rasa idonsa, ba ta taɓa ganin ya yini bai shafa allo ba. Muryar nan da ke karanta wa makaho duk inda yatsansa ya taɓa, shi ya ƙure mata gudu har maƙwabta suna tsokanarsa wai aljanu yake hira da su. Yau ga shi har hantsi ya dubi ludayi, gidan tsit.

Comfort ba mace ce mai kwana-kwana ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gabansa.

"Baban Blessing, yau Asabar fa."

"Na sani."

"Ɗalibanka suna can gindin mangwaro."

"Na aika a ce musu ba ni da lafiya."

"Ina ke maka ciwo?"

Ya juya wayar a cinyarsa, ya sake kife ta.

Labarin da ya ba kowa a garin Birnin Gwari shi ne, wayar Huraira, ɗaya daga cikin makafin da yake koya wa sarrafa waya duk Asabar, ita ce ta rikice, sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, komai na ciki ya goge. Kuma an yarda, don wa zai ƙi yarda da sharrin sabis a garin nan? Har tausaya masa aka yi. Sadiq, ƙanen Huraira da ya saya mata wayar, takanas ya zo ya riƙe hannunsa yana masa godiyar ƙoƙarin da ya yi. Godiyar nan ita ta hana shi sakat.

Don ba lambobin mutane kawai suka tafi ba. A cikin wayar akwai saƙonnin murya goma sha huɗu na Modibbo, mijin Huraira, wanda ya bi sawun shanunsa da aka kora cikin dajin bayan Kakangi shekara biyu da suka wuce. Har yau ba gawa, ba labari. Mai ido yakan ajiye hoto ya riƙa dubawa. Huraira makauniya ce, muryar nan kaɗai gare ta.

Comfort ta ce masa shekara ashirin suna tare, ta san tarinsa na mura ta san tarinsa na rashin gaskiya, kuma wanda yake yi kwana ukun nan ba na mura ba ne. Sai kawai ta ji ya sauke numfashi, ya fara magana kansa a sunkuye.

Ya ce masu yin wayar ne suka fito da sabuwar manhaja ta gwaji, irin wadda ba a gama dafawa ba, ake ba 'yan tsiraru su ɗanɗana su faɗi inda gishiri bai ji ba. A cikinta ne karo na farko muryar mai karanta allo za ta yi Hausa. A guruf ɗinsu na makafi masu gwaji kuwa, na Kano ya saka, na Zariya ya saka, na Jos ma ya turo muryar wayarsa tana gaishe shi. Kullum sai wani ya tambaya, ina Injiniyan Birnin Gwari, ko ’yan daji sun kwashe masa data ne?

Tasa wayar ta tsufa. Ya zauna ya share kusan duk abin da ke cikinta don ya sama wa manhajar wuri, amma ta ce atafau ba ta san zancen ba. Sai ya tuna da wayar Huraira da ta fi tasa sabunta.

"Me ka ce mata?" in ji Comfort.

"Na ce zan sa wayarta ta yi Hausa."

"Ka gaya mata ta gwaji ce?"

"A'a."

"Ka ajiye mata kwafin kayanta kafin ka taɓa?"

Malam Andrawus ya girgiza kai. Wannan fa ita ce dokar ajinsa ta farko. Duk Asabar kafin a fara darasi sai ya sa makafin nan tara sun maimaita sau uku kamar 'yan firamare: kafin ka gyara, ka ajiye. Amma ranar, da irin sabis ɗin da ake da shi, ajiye kwafi zai ci rabin yini, shi kuma jikinsa na rawa ya ji Hausar. Ya ce a ransa aikin minti goma ne, me zai faru?

Kuma wayar ta yi Hausa. Ta buɗe baki ta ce ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, caji ya kai rabi. Huraira ta yi dariya, dariyar da tun da aka kawo ta ajinsa bai taɓa ji ba. Shi kuwa nan take ya naɗi muryar ya tura guruf, ya ce Birnin Gwari ma ta shiga sahu. Ya sha yabo har kansa ya yi girma.

Washegari Sadiq ya rako Huraira ta dawo masa da ita. In an kira ba ta ɗaguwa. Muryar takan kama kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa sai an kashe an kunna. Bayanta ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu. Suna zaune kan tabarma ɗaya, ya ga ba mafita sai ya mayar da ita tsohuwar manhaja. Da ya kai wurin dannawa na ƙarshe, wayar ta yi masa gargaɗi cewa komai zai goge.

"Ka ji gargaɗin?"

"Na ji."

"Ka danna?"

"Na danna, Maman Blessing."

Ya ce ya ƙaddara saƙonnin suna kan ɗan katin memori ne, ba za su taɓu ba. Dubawa yake buƙatar yi, amma duk sanda ya shiga wurin sai muryar ta sarƙe. Sai dai a kira mai ido ya duba masa. Shi Malam Andrawus, da yake koya wa mutane cewa makaho ba ya buƙatar aron idon kowa a kan wayarsa, ya ɗaga murya ya kira Sadiq a gaban ɗalibarsa? Ya ce, gwamma ya yi caca. Ya ƙure gudun muryar don kada Huraira ta tsinci komai, ya danna. Ashe wayar ko memorin ma babu a cikinta.

Ni dai da ni ce Comfort, da unguwa ta ji mu. Amma ita ba haka ta yi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗaura ɗankwali, ta fito ta ɗauki sandarsa ta danƙa masa a hannu.

"Tashi."

"Ina za mu?"

"Ka fi ni sani."

Hanyar gidan Sadiq, inda Huraira take zaune, ba baƙuwarsa ba ce. Shi kaɗai yake bin ta da sandarsa, ya san inda kwata take, ya san inda ruwan jiya yake kwanciya a gaban masu faci. Amma yau sau biyu yana tuntuɓe. Da suka zo bakin kasuwa wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya, Injiniya, a gaishe ka. Mai shayi ma ya ɗauka. Sunan da a da yake sa shi gyara tafiya, yau ji ya yi kamar ana watsa masa ruwan zafi. Ya ɗaga hannu kawai ya wuce, Comfort na biye da shi.

Sadiq ya tafi shago. Huraira tana tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, kafin su yi sallama ta riga ta ce maraba da Malam, maraba da Maman Blessing, don ta san bugun sandarsa ta kuma san takun matarsa. Ta lalubo musu benci. Ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da damina, ta tambayi labarin masararsu ta ƙauyen Gayam, ko an samu shiga gonar bana. Sannan ta ce ta ji an ce ba ya jin daɗi, da niyyarta in Sadiq ya dawo ya kai ta ta duba shi.

Kai, jama'a. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya juya kofin ruwan a hannunsa. Ya gyara murya, ya sake gyarawa. Sai da Comfort ta taka masa ƙafa sannan ya buɗe baki.

"Malama Huraira, a kan maganar wayarki na zo."

"To, Malam."

"Ba sabis ba ne."

Ƙarar ɓawon gyaɗa ba ta tsaya ba. Ƙas, ƙas, ƙas, tana zubawa a faranti.

"Na sani, Malam."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya fara bayani, yana cewa abin da yake nufi shi ne shi da hannunsa, sai ta katse shi a hankali, muryarta ba hawa ba sauka, ta karanto masa kamar mai bitar karatu:

"In ka ci gaba, duk abin da ke cikin wannan waya zai goge, kuma ba za a iya dawo da shi ba. Ka tabbata?"

Kofin ya kusa suɓucewa daga hannunsa. Kalma ɗaya ba ta canza ba.

Abin da ya manta ke nan. Shekara tara wayoyi suna masa magana da Turanci, ɗalibansa kuwa ba mai jin Turanci sai 'yan kalmomin da suka haddace. Ya saba waya ta faɗi abu shi kaɗai ya ji, ya juyo ya fassara musu yadda ya ga dama. Sabo ya sa ya manta cewa ranar, da hannunsa ya koya wa wayar Hausa.

"Amma ai na ƙure gudun," ya ce, kamar mai magana da kansa.

"Malam, ni da nake rarrabe kukan kowace saniya a garke tun ina da ido har na rasa shi, zan kasa jin Hausa don an yi ta da sauri?"

Comfort ta dafe baki. Ita ce ta iya tambayar abin da shi ya kasa, ta ce to Huraira, da kika ji, me ya hana ki riƙe masa hannu?

Sai a lokacin ɓarar gyaɗar ta tsaya.

"Ai na tambaye shi. Na ce, Malam, me ta ce? Ya ce min cewa ta yi a ɗan jira."

Haka aka yi. Ya tuna har yadda ya yi 'yar dariya da ya faɗa.

"Sai na ce a raina, Malam ba ya so hankalina ya tashi ne. Ai ya riga ya ajiye. Ba shi yake sa mu maimaita ba? Kafin ka gyara, ka ajiye. Na ji kunyar in tambayi malamina ko ya yi abin da shi ya koya min."

Malam Andrawus bai san sanda ya zame daga bencin ba. Sai ji ya yi gwiwoyinsa a ƙasa mai damshi, ɓawon gyaɗa yana sukarsa. Mutum mai shekara hamsin da biyu, tsohon malamin firamare, dattijo a cocinsu, ga shi durƙushe gaban ɗalibarsa ya rasa ta inda zai fara. Kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunnuwansa. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Ya tambaye ta me ya sa ba ta tona shi ba, ranar da ya tsaya a gabanta yana ɗora wa sabis laifi, Sadiq yana masa sannu.

Ta ce ta yi tunanin hakan. Amma ta san halin ƙanenta, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Daga nan wa zai sake kama hannun makahonsa ya kai shi gindin mangwaro? Mutum tara ne a wurin nan, wasunsu kafin ajin ko kiran 'ya'yansu ba sa iya yi sai sun roƙi wani ya danna musu. Ta ce ita ta yi rashi, ba sai su ma sun yi ba.

Wato kwana ukun da ya yi yana ɓoye ƙaryarsa, ita ce take riƙe masa da murfin.

"Ki yafe min," ya ce. "Girman kai ne. Ba wani abu ba ne, girman kai ne da son a yabe ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta jawo farantin gyaɗar kusa da ita, ta fara ba su labarin abin da ke cikin saƙonnin, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce ba wata maganar kirki ba ce. Maigidan, don ko yanzu ba ta kama sunansa, in ya tafi kiwo nesa yakan turo ya tambaya ko an ba maraƙi ruwa, ko ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. Shi ma bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce ke 'yar Kakangi. A ɗaya ma ba magana, ya manta bai kashe ba ne, sai takunsa da fiton da yake yi wa shanu. Kullum bayan sallar asuba takan saurari ɗaya, gobe ta saurari na gaba, in ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Kwana uku nake ƙoƙarin in jiyo shi a kaina," ta ce. "Kalmomin suna nan. Muryar ce take gudu. Jiya da na tuno shi, da muryar Sadiq ya yi min magana."

Comfort ta juya kai tana share ido da bakin zane.

Huraira ta ja numfashi, sai ga muryarta ta ɗan yi haske.

"Amma saura ɗaya."

"Ɗaya?"

"Yana wurinka, Malam."

Ta tuna masa wata Asabar da rani, ranar da ya koya musu yadda ake tura saƙon murya daga waya zuwa waya. Ya ce kowa ya zaɓi ɗaya ya turo masa don ya tabbatar sun iya. Ita ba ta da na kowa sai na maigidan. Ta tura masa na ƙarshe, wanda ya aiko da safen da ya shiga dajin, ta roƙe shi kada ya saurara. Kuma bai saurara ba, wannan amanar dai ya riƙe ta.

"Shi ya sa ba ku ji na yi kuka ba," ta ce. "Na san ɗaya yana nan a ajiye. Tun shekaranjiya nake so in aiko, sai in ji nauyi, kada ka gane na gane."

Comfort ta ce godiya ga Allah, har tana tafa hannu, ta ce Baban Blessing me kake jira, ciro wayar mana.

Shi kuwa bai yi murna ba. Ya tuno ranar da ya zauna yana sama wa manhajar gwaji wuri a tsohuwar wayarsa. Ya shiga ma'ajiya, ya zaɓi duka, ya share. Waƙoƙin coci, wa'azi, muryoyin ɗalibai, bai tsaya ya saurari sunan ko ɗaya ba. Ko na Huraira yana ciki, ko ya tsira, wallahi shi kansa bai sani ba.

Ya zaro wayar daga aljihu. Da ya taɓa allon, muryar ta fara zubo Turancinta da gudun da ya saba. Ya tsaya. Ya shiga saiti, ya yi ta rage gudun, ya rage, ya rage, har ya kai ta inda yake sa wa sabon ɗalibi ranar farko. Ya ƙara ƙarfin sautin har ƙarshe. Comfort ta yi sakandare tana jin Turanci, duk abin da wayar za ta faɗa yau ba shi kaɗai zai ji ba.

Ya shafa, ya shafa, yana wuce sunaye. Wayar ta ambaci Huraira Kakangi. Ya shiga. Ya ja yatsa sama, ya wuce gaishe-gaishen damina, ya wuce na sallah, har ya kai watan rani.

Saƙon murya, in ji wayar, sakan talatin da takwas.

"Shi ne," Huraira ta ce, da wata irin murya ƙasa-ƙasa. Ba ta jin Turanci, amma wannan lambar ta haddace ta. "Shi ne, Malam."

Ya lalubo hannunta ya ɗora mata wayar.

"Ke ki danna. Sau biyu, yadda na koya miki."

Ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa. Ta gyara zama, ta kai wayar kusa da kunnenta na dama. Ta yi bismillah. Ta danna sau biyu.

Ba muryar Modibbo ce ta fito ba. Wayar ce ta yi magana, da Turanci, a hankali, kalma bayan kalma yadda ya saita ta. Ta ce wannan saƙo ba ya cikin wannan waya, a nemi wanda ya turo shi ya sake turowa.

Hannun Comfort ya sauka a kafaɗarsa, ta matse.

Huraira ta juyo da fuskarta inda take jin numfashinsa, wayar har yanzu a kunnenta, da sauran murmushi a muryarta.

"Malam, me ta ce?"